Ramin Na Wa Ne, Ladan Nawa Ne?

Laccar da akawun reshenmu ya yi wa jama'a a Minanata, cikin birnin Sakkwato

  Muna gode wa mutanen Minanata da suka share wannan fili suka shimfiɗa mana tabarmi.

Maganar da za mu yi yau ta daimon ce, watau dutsen nan mai walƙiya da waɗansu ke kira lu'ulu'u, da sauran abin da a ke tonowa daga cikin ƙasa. Wani zai ce, to, me ya haɗa Basakkwace da daimon? Gaskiya ne, a Nijeriya ba mu da wata mahaƙar daimon ta a zo a gani. Amma muna da zinariya a Zamfara da Kabi, muna da dutsen siminti nan Kalambaina, kakanninmu sun haƙi kuza a Jos, waɗansunsu kuwa sun wanke tsakuwar daimon a Gana da hannunsu. Yau ma akwai masu zaune a nan waɗanda 'ya'yansu ke cikin rami a daji, ba su san ranar komowarsu ba. Saboda haka maganar tamu ce.

Akwai waɗansu masana da kamfanonin haƙa ke haya da kuɗi mai tsoka don su ba su shawara. Su kan rubuta sharhi a jaridu, su kan hau rediyo. Maganarsu kusan kullum guda ce. Su ce haƙa aikin jari ne, mai jari kuwa ba zai zuba kuɗinsa a rami ba sai an mallaka masa ramin. Su ce kuma leburan haƙa ya fi manomi samu, don haka ya gode Allah ya yi shiru. Ba mu ce duk ƙarya ce ba. Ramin da ya yi zurfin gaba ɗari ba a haƙa shi da diga da shebur, sai da injuna, injuna kuwa kuɗi ne. Amma fa wanda aka biya shi don ya yi magana, sai a duba aljihun da kuɗin ya fito. Mu ba wanda ya biya mu, bari mu buɗe littafin tarihi mu yi lissafin da kanmu.

Mu fara daga gida. A shekarar 1885 wani Bature, Joseph Thomson, ya zo Wurno wurin Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba, a madadin kamfanin da daga baya ya zama Royal Niger Company. Ya koma da takarda. Cikin abin da takardar ta ce, a harshen Ingilishi, har da cewa duk cikin baƙi kamfanin nan kaɗai ke da ikon ciniki a ƙasar, shi kaɗai kuma ke da ikon riƙe wuraren da a ke haƙar irin su dalma da tozali. A bakin me? Jakar wuri 3,000 kowace shekara. Fadar Sarkin Musulmi ba ta ɗauki wannan a kan sayar da ƙasa ba, a wurinta gaisuwar fatake ce. Amma a London takardar aka duba, ba a tambayi fada abin da ta nufa ba.

Ran 1 ga Janairu 1900 gwamnatin Ingila ta karɓe mulki daga hannun kamfanin. Ta biya shi fam 865,000. Sa'an nan ta yi masa alkawarin rabin kuɗin da za a karɓa a kan ma'adinai har shekara 99, a duk ƙasar da ke tsakanin kogin Kwara da wani layi da aka ja a taswira daga Yola zuwa Damagaram. Ku lura da shekarar, jama'a. A lokacin ba a ci Kano ba, ba a ci Sakkwato ba. An raba naman tun dabbar tana kiwo. Sai ran 15 ga Maris 1903 aka yi karon Giginya, bayan 'yan kwanaki Gwamna Lugga ya tara manyan gari ya gaya musu cewa daga yau duk ma'adinai na gwamnati ne, amma jama'a na iya haƙar tama da ɗiban gishiri bisa sharaɗi. Watau maƙeri ya zama mai neman izini a kan dutsen da kakansa ya narka. Rabon nan na kamfani kuwa bai yanke ba sai a 1949, da gwamnatin Nijeriya ta fanshe shi daga kamfanin UAC, magajin wancan, a kan fam 1,000,000. Da kuɗin harajinmu muka sayi abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu.

Turawa sun tafi, dokar ba ta bi su ba. Tsarin mulkin 1999, sashe na 44, ya ce duk ma'adinai na Gwamnatin Tarayya ne. Dokar haƙa ta 2007 ta maimaita. Ma'anar wannan ga manomi ita ce, gonarka taka ce iyakar inda garma ta kai. Abin da ke ƙasa da nan, takardarsa a Abuja ta ke, wanda ya je ya biya shi a ke rubuta wa. Kai sai diyyar shuka da itatuwa.

To, a wancan zamani wa ya yi haƙar? A Jos, kuɗin haraji ne ya fara kora mutane zuwa kuza. Talaka ba shi da sule, gwamnati ba ta karɓar gero, sai ya ɗauki sanda ya nufi Bukuru. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa kuzar can ana tsakiyar yaƙi, sai aka daina lallashi. Tsofaffi sun san abin da a ke kira ɗiban gwamna. Daga 1942 zuwa 1944 an ɗebi mutum wajen 100,000 daga lardunan Arewa a kan tilas, kowane hakimi da adadin da aka yanka masa, kowane dagaci ya fitar da nasa. Mutumin ƙasar zafi aka kai shi sanyin tudun Jos ba bargo, ba isasshen abinci. Da yawa ba su komo ba. Ribar ta tafi wurin masu hannun jari a Ingila. Da kasuwar kuza ta rushe a 1985, abin da ya rage wa mutanen wurin shi ne tafkunan da aka bari a buɗe, da gonaki da suka zama tsakuwa.

Yanzu ga daimon ɗin. A ranin 1952 zuwa 1953 an zauna a mashigai da hanyoyin Lardin Sakkwato aka ƙirga masu fita, aka sami fiye da mutum 250,000, mafi yawansu 'yan lardin nan. 'Yan cin rani ke nan. Waɗansu Kurmi suka nufa, waɗansu suka wuce har Gwalkwas, wadda ta zama Gana. A can, a kwarin kogin Birim, an ga daimon tun 1919, wani kamfanin Ingila mai suna CAST ya kafa babbar mahaƙa a Akwatiya. Gefen kamfanin kuma ga ƙananan masu lasin, 'yan ƙasa, su kan ɗauki baƙi su haƙa musu, Yarbawa da Zabarmawa da Hausawa. Baƙon shi ke shiga ruwa, shi ke girgiza rariya tun safe har la'asar, amma ba shi da lasin, ba shi da ƙasa, sai rabon da aka ga dama. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda kwana 14 ya bar Gana. Mutanen da suka shekara ashirin a bakin rami suka hau bayan manyan motoci da ƙunshin tabarma. Akwai gidaje a birnin nan da ba su manta da shekarar ba.

A Saliyo abin ya fi haka ban mamaki. A tsakiyar shekarun 1930 gwamnatin mulkin mallaka ta ba kamfani guda, SLST, ikon duk daimon ɗin ƙasar har shekara 99. In mutumin Kono ya tsinci dutse a bayan ɗakinsa ya sa a aljihu, ɓarawo ne a gaban Joji. Mutane suka ƙi, suka riƙa haƙa da dare, dubbai a kan dubbai. Da aka ga ba dama, a 1955 aka rage wa kamfanin fili, amma sai da aka biya shi diyya fiye da fam miliyan ɗaya da rabi. A 1956 aka ba 'yan ƙasa lasin, a ƙarshen shekarar kuma Gwamna ya kori dubban baƙi daga Kono. Ga wani lissafi na kusa. A 2017 waɗansu leburori da ke yi wa wani fasto, Emmanuel Momoh, aiki suka tono dutse mai karat 709. Karat biyar ke yin giram ɗaya, watau nauyinsa bai wuce ƙwan kaza uku ba. Faston ya miƙa shi ga gwamnati maimakon ya bi da shi ta bayan fage, aka sayar a New York a kan dala miliyan 6 da rabi, fiye da rabin kuɗin ya shiga baitulmali. Ƙauyen da aka tono shi kuwa, a ranar ba shi da wutar lantarki, ba shi da ruwan famfo.

'Yan kasuwa, ku kun fi kowa gane wannan. Mai kaya in bai san farashi ba, kuma mai saye guda ne, to, ba ciniki a ke yi ba. Daimon ba shi da mudu. Dutse biyu masu nauyi ɗaya, wannan ya sayi gida, wancan ba zai sayi akuya ba, bambancin yana ga launi da tsabta, mai madubin nan na ido ɗaya shi kaɗai ya sani. Kamfanin De Beers, wanda Cecil Rhodes ya haɗa a Afirka ta Kudu a 1888, ya shekara wajen ɗari yana riƙe da mafi yawan cinikin daimon na duniya, yana sakin kaya kaɗan kaɗan kamar mai ɓoye hatsi yana jiran bazara. Leburorinsa baƙaƙe a Kimbali kuwa a cikin shinge a ke kulle su har wa'adinsu ya cika, in za su fita a tuɓe su a bincike su, a tsare su kwanaki ko sun haɗiye wani abu.

Masu ba da shawarar nan suna son su kawo misalin Botswana, mu ma muna so, amma mu karanta shi har ƙarshe. Ƙasar ta sami mulkin kai a 1966 tana cikin mafi talaucin ƙasashen duniya. A 1967 aka gano daimon a Orapa, a yankin kabilar shugaban ƙasa Seretse Khama. Da wani ne da ya ce rabon gidanmu ne. Shi kuwa ya sa sarakuna suka miƙa ikon ma'adinai ga ƙasa baki ɗaya. Da aka kafa kamfanin haƙa tare da De Beers a 1969, gwamnati kashi 15 cikin 100 ta samu. Ba ta kwanta ba, ta yi ta ja har ya zama rabi da rabi a 1975. Da kuɗin aka yi makarantu da asibitoci da hanyoyi. A 2023 ta sake ja, aka yarda kason duwatsun da ita ke sayarwa da kanta ya tashi daga kashi 25 zuwa 30, ya yi ta hawa har 50 cikin shekara goma. Ashe mai jari ba ya gudu don an ce a raba, muddin dutsen na nan. Sai dai dogara ga kaya guda yana da nasa ciwo. Yanzu ana ƙera daimon a cikin injin, ido ba ya raba shi da na ƙasa, farashi ya faɗi, a 2024 arzikin Botswana ya ja baya, a shekarar kuma Anglo American, mai kashi 85 na De Beers, ya ce zai rabu da shi.

Nan za mu ja hankalin 'yan'uwanmu da ke cewa in dai gwamnati ta karɓe rami shi ke nan, magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Mahaƙar kwal ta Inugu ta gwamnati ce, ba ta kamfani ba, amma ran 18 ga Nuwamba 1949 'yan sanda suka harbe leburori 21 a Iva Valley a kan rigimar albashi. Kamfanin Debswana rabinsa na gwamnatin Botswana ne, amma a 2004 ya kori ma'aikata 461 don sun yi yajin aiki. A Marikana ta Afirka ta Kudu, shekara 18 bayan baƙar fata sun karɓi mulki, masu haƙar farin ƙarfen nan mai tsada suka nemi rand 12,500 a wata, ran 16 ga Agusta 2012 'yan sanda suka kashe 34. Bayan an binne su aka yi ƙarin albashin. Mallakar rami magana ɗaya ce, ladan mai haƙa magana ce dabam, kowace sai an tsaya mata.

Shi kuwa zancen cewa lebura ya fi manomi samu, a ina a ke auna shi? A kan ɗauki albashin injiniya da na direban babbar mota a kamfani, a haɗa, a raba, a ce ga abin da ma'aikacin haƙa ke samu. Yaron da ke cikin rami a dajin Anka ko Yawuri ba ya cikin wannan lissafi. Mafi ƙarancin albashi da aka sa hannu a kansa a 2024, naira 70,000 a wata, bai san da shi ba, domin ba albashi ya ke karɓa ba. Ga yadda abin ke tafiya. Ubangida ya ba da abinci da diga da igiya da kuɗin injin niƙa, duk a rubuce. In an dace, ya fara cire bashinsa, sa'an nan a raba saura, kuma shi ne mai saye, sikelin ma nasa ne. In ba a dace ba, bashi ya kwana a wuyan yaro. In rami ya rufta, ba diyya. A Nuwamba 2021 a Garin Liman cikin ƙasar Maraɗi rami ya rufta da mutane, aka fitar da gawa 18.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne na Zamfara, wadda har 1996 jiharmu ɗaya. Dutsen zinariyar Anka da Bukkuyum haɗe ya ke da dalma. Maza suka riƙa kawo shi gida, mata na dakawa a turmi a tsakar gida, ƙura ta sauka a kan tuwo, yara masu rarrafe suka sa hannu a baki. A 2010 likitoci suka lura da sababbin kaburburan yara a Dareta da Yargalma da sauran ƙauyuka. Yara fiye da 400 suka mutu, dubbai suka sha gubar, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwa har iyakar rai. Garin Bagega bai sami kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasa ba sai 2013. Wannan ma a sa shi cikin lissafin lada. A 2019 gwamnati ta hana haƙa a Zamfara saboda 'yan bindiga, ta ɗage hanin a Disamba 2024. Tsakanin nan, a 2020, aka kai wa Shugaba Buhari curin zinariya mai kilo 12 da rabi, Babban Banki ya saya a kan naira miliyan 268. An ɗauki hoton curin. Da an kira ko mutum ɗaya cikin masu haƙa an tambaye shi nawa ya shiga hannunsa, da mun ƙaru.

Kalambaina kuwa ga ta nan, kowa na ganin hayaƙinta. An kafa kamfanin simintin a 1962 zamanin gwamnatin Jihar Arewa, ya fara aiki a 1967. A shekarar 2000 aka sayar da hannun gwamnati, ya bi hannu zuwa hannu har ya zo ga BUA, mafi yawan hannun jarin kuwa na Alhaji Abdussamad Rabi'u ne da kamfanoninsa. An faɗaɗa ma'aikatar, an ɗauki mutane aiki, ba mu musun wannan. Abin da mu ke cewa, dokar 2007 ta wajabta wa mai lasin haƙa ya yi yarjejeniya a rubuce da jama'ar wurin kafin ya fara, a kan abin da zai yi musu, a kuma sake duba ta duk shekara biyar. Wannan doka ta hau kan kowane mai lasin a Sakkwato da Kabi da Zamfara, babba da ƙarami. Irin wannan takarda ba ta aljihun hakimi ba ce. A karanta ta da Hausa a bainar jama'a, a liƙa ta a ƙofar masallaci da bakin kasuwa, kowa ya san rijiya nawa aka yi alkawari, nawa aka gina.

Haka nan kason nan na kashi 13 cikin 100 da tsarin mulki ya ce a mayar wa jihar da arziki ya fito daga cikinta. Ba na man fetur kaɗai ba ne, ya haɗa da ma'adinai. Ɗan majalisar da ya zo neman ƙuri'a a Minanata, a tambaye shi nawa jiharmu ta karɓa, ina aka sa.

Ga iyayen da 'ya'yansu ke daji, dokar ta yarda masu ƙaramar haƙa su haɗu su yi ƙungiyar gama kai, su yi rajista, su nemi lasin da sunansu. Mutum ashirin masu takarda da sikelin kansu, ba a yi musu abin da a ke yi wa mutum ɗaya mai bashi. Ku 'yan kasuwa da ke ba su kaya, kun san adashi, kun san yadda a ke tara jari da kwabo kwabo, ku ne za ku iya tsaya musu a maimakon ubangidan da ke cin su gaba da baya. Dutsen zinariya kuwa, don Allah kada a shigo da shi gida, kada a daka shi a turmin abinci, wanda ya dawo daga niƙa ya wanke jikinsa ya sake tufa kafin ya ɗauki yaro.

Mu da aka koya wa Ingilishi da lissafi a makarantar Mishan, ga inda karatun zai yi amfani. Duk wanda aka kawo wa takarda a kan gonarsa ko a kan aikin ɗansa, kada ya dangwala yatsa. Ya kawo ta ofishin reshe, mu karanta masa ita layi layi a gaban shaidu biyu, ba ko kwabo. Wanda kuma ke da tambaya yanzu, ya miƙe ya faɗi sunan unguwarsu, muna saurare.